Tirelar gajeren fim: a nuna fitowar ƙarshe ko a ɓoye ta?

Sadiq_Edita:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu zama gaban kwamfuta. Mun gama wani gajeren fim mai minti 13, abokina ne ya ba da umarni, ni na yi editin. Labarin wani tsohon tela ne a cikin birnin Kano, shagonsa a zauren gidansa yake. Saura kwana huɗu Sallah, ɗinkin mutane jibge, shi kuma idonsa ya yi raunin da ba ya ganin kafar allura, amma ya ƙi faɗa wa kowa. 'Yarsa ce take fitowa zauren da daddare in ya yi barci ta hau keken ta rage aikin, da asuba ta mayar da komai yadda ta same shi. Ranar jajibere sai ya ɗauki wata riga ya shafa kalmasarta da yatsa, ya ce mata tun daren farko ya san hannunta ne, domin irin kalmasar marigayiya mahaifiyarta take yi. A nan fim ya ƙare.

To yanzu tirela ce ta tsaya mana, wato ɗan gajeren bidiyon tallan fim ɗin. Wadda na yanka ta kai minti 2 da sakan 40. Darakta ya dage sai an saka fitowar ƙarshen nan a ciki, ya ce ita ce mafi kyau a duk fim ɗin kuma ita za ta jawo mutane. Ni kuma raina bai kwanta ba, ina ganin in aka nuna ta babu sauran abin da mai kallo zai zo nema. Kwana uku ke nan muna ja. Tsawon nawa ya kamata tirelar fim irin wannan ta kai, kuma a saka fitowar ko kar a saka?

Nazifi_Zariya:
Wa alaikumus salam. Ka lissafa da kanka: sakan 160 cikin sakan 780, kashi ɗaya cikin biyar na fim ɗin ka bayar ke nan. Manyan fina-finan Amurka masu awa biyu ma ba kasafai tirelarsu take wuce minti biyu da rabi ba. Ka rage ta sosai kafin ma a zo maganar fitowar ƙarshe.

Ummi_Kyamara:
Na goyi bayan Nazifi. Ni in gajeren fim ne ba na bari ta wuce minti ɗaya, galibi sakan 45 nake tsayawa. Allah ya sa albarka, labarin ya taɓa ni tun a rubuce.

Tsohon_Hannu:
Ƙanena Sadiq, sannu da aiki. Bari in ɗan koma baya don ka gane inda daraktanka ya samo ra'ayinsa, domin ba laifinsa ba ne, gado ne. Zamanin kaset, da farkon zuwan faifan CD, tirela a gaban wani fim ake liƙa ta. Mutum ya sayo kaset ya zauna da iyalinsa, sai ya kalli tirela biyar ko shida kafin fim ɗin da ya saya ya fara, kuma ba ya jin haushi, wasu ma tirelolin suke fi so. 'Yan kasuwar fim a Ƙofar Wambai ta Kano da tirela suke auna ko fim zai yi ciniki. Saboda haka duk abin da ya fi kyau muke kwashewa mu zuba: waƙa, kuka, mari, mota mai tsada. Akwai lokacin da waƙar ake fara ɗauka a yanka tirela da ita tun ba a gama sauran fim ɗin ba. Kuma hakan bai kashe kasuwa ba, don fim na awa biyu ko mai kashi na ɗaya da na biyu yana da abin da zai rage komai ka ɗiba.

Naka ba haka yake ba. Gajeren fim kamar tatsuniya ɗaya ce, ƙulli ɗaya gare shi. In ka kwance ƙullin a tirela, sauran minti 12 sun zama jiran abin da aka riga aka sani. Abin da nake yi in an kawo min irin wannan aikin, ina rufe kwamfutar tukuna, in ɗauki takarda in rubuta tambaya ɗaya da nake so ta tsaya a ran mai kallo bayan allon ya yi baƙi. Duk hoton da ya ƙara wa tambayar nauyi ya shiga, duk wanda ya amsa ta ya tsaya a waje, komai kyansa. Kuma in ka ji ciwon cire wani hoto, yawanci alama ce shi ne ya kamata mutum ya biya da lokacinsa kafin ya gani.

Mai_Kallo_Kawai:
Ku yi haƙuri, ni ba edita ba ce, kallo kawai nake yi, amma ai don mu ake yi. Gaskiya in ina shafa waya na ga tirela da ba komai a cikinta sai hannu da keken ɗinki da duhu, wucewa zan yi. Abin da yake tsayar da ni shi ne in ga fuskar mutum tana faɗa min wani abu, in ji zuciyata ta motsa. Sau da yawa na san ƙarshen labari kuma na kalla, don ina so in ga yadda aka yi aka kai can. Don haka kar ku raina maganar daraktan.

Hauwa_Alƙalami:
Maganar Mai_Kallo abar dubawa ce, kuma ina ganin ba ta ci karo da ta Baba Tsohon_Hannu ba in aka natsu. Sadiq, sirri biyu ne a labarinku, ba ɗaya ba. Na farko, yarinyar ce take ɗinkin a ɓoye. Na biyu, uban ya sani tun farko. Na farkon ba sirri ba ne a wajen mai kallo, tun a minti na uku ko na huɗu na tabbata kun nuna ta a kan keken. Wannan ka ba da shi kyauta a tirela, da fuskarta da fargabarta, har da lokacin da ta ji tarinsa daga cikin gida ta tsayar da ƙafarta. Nan zuciyar Mai_Kallo za ta motsa. Na biyun shi ne jarinku. Tambayar da za ta tsaya ita ce: in ya gane fa, me zai faru? Mai kallo zai zaci faɗa ne zai biyo baya, ko tsohon zai ji an tozarta shi. Sai ya zo fim ya tarar da tausayi. In kun nuna masa tausayin tun a tirela, kun ƙwace masa wannan juyin.

Sadiq_Edita:
Anti Hauwa, wallahi kamar kin ga fim ɗin. A minti na huɗu take fara hawa keken, kuma akwai wurin tarin, sai dai ba tari ba ne, ƙarar buta ce ya taɓa a tsakar gida. Ban ma saka wurin a tirelar ba sam.

Bashir_Sauti:
Kowa yana maganar hoto, ba wanda ya tambayi abin da kunne zai ji. Sadiq, wane irin keke ne? In na ƙafa ne irin Butterfly ɗin nan baƙi, to kana da kiɗanka a hannu ba ka sani ba. Ƙarar taka keke tana da ƙa'ida kamar kalangu. Ka fara tirelar da allo baƙi, ƙarar keken kawai, sakan biyu, sannan hoto ya shigo. Ka riƙa yanka hotunanka a kan bugun keken. Lokacin da buta ta yi ƙara, keke ya tsaya cak, ka bar shiru na sakan ɗaya da rabi ko biyu, kar ka cika shi da komai. Shirun nan ya fi duk wani ganga da za ka sauko da shi daga intanet.

Sannan dabarar da kowa ya sani amma ake mantawa: ka bar muryar fitowa ta gaba ta riga hotonta shigowa, ko muryar ta baya ta zarce kan hoton da ya biyo. Da haka za ka haɗa maganar da aka yi da rana da hoton dare ba tare da an ji tsalle ba. In za ka saka kiɗa a ƙarƙashin magana, ka sauke shi sosai, sannan ka saurara da lasifikar waya mai arha, ba da abin kunnen situdiyo ba. Mutanenmu da ita za su ji. Abin da ya yi daɗi a situdiyo sau da yawa in ya hau ƙaramar waya kiɗa ne yake danne magana.

Sadiq_Edita:
Na ƙafa ne, Oga Bashir. Amma ƙarar da muka ɗauka a wurin ta haɗu da ta janareton maƙwabta.

Bashir_Sauti:
Ka koma ka sake ɗaukar ta ita kaɗai. Da sassafe kafin unguwa ta tashi, ka kai makirfo kusa da ƙafar keken ka ɗauki minti biyu, ka matsa kusa da allurar ka ɗauki minti biyu, ka ɗauki farawa da tsayawa daban. Aikin rabin awa ne, kuma fim ɗin kansa zai amfana.

Kabiru_KD:
Tunda an taɓo kiɗa bari in faɗi abin da ya same ni, ko wani zai tsira. Na taɓa yanka tirela a kan wani kiɗan fim na ƙasar waje da na ji ya dace, duk yankan da na yi a kan bugunsa na yi. Bayan na ɗora aka gano kiɗan yana da mai shi, aka kashe sautin gaba ɗaya. Da na sauya kiɗa sai duk yankan ya warware, dole na sake daga farko, ga ranar da muka sanar ta wuce. Hakkin mutane ne na taɓa, kuma shafukan yanzu suna da na'urar da take gane kiɗa ko da sakan kaɗan ne. YouTube yana da rumbun kiɗa na kyauta ga masu ɗora bidiyo, amma ni yanzu na fi son in nemi mai gurmi ko mai sarewa in biya shi, mu rubuta yarjejeniya ko a takarda ɗaya ce. Fim ɗin tela a birnin Kano da sautin gurmi sun fi dacewa da juna a kan fiyano.

Dan_Tawa:
Salamu alaikum daga Nijar. Mu nan montaj muke ce ma aikin. Ni tambayata daban ce: wa za a nuna ma tirelar? Sadda munka yi namu gajeren, tirela biyu munka yanka, domin wadda za ka aika ma masu bikin fina-finai ba ita ce ta mutanen Facebook ba. Masu zaɓe a biki fim ɗin gaba ɗaya suke kallo, tirelar sai bayan sun ɗauke ka sannan su saka ta a shafinsu, can gajeriya mai tsabta suke so. In kuna da niyyar irin su bikin FESPACO na Wagadugu, wanda anka fara tun 1969 kuma ake yi duk shekara biyu, yana da sashen gajerun fina-finai da kyautarsa, to ku karanta ƙa'idojin kowane biki kafin ku saki fim ɗin kansa a intanet, don akwai bukukuwan da ba su karɓar wanda anka riga anka saki. Tirela ba ta da wannan matsala. Amma ku lura, in kuna jiran biki, ana iya yin watanni tirelar ita kaɗai ke yawo. In ƙarshen labari na cikinta, duk tsawon lokacin nan ƙarshen ne ke yawo.

Nazifi_Zariya:
Wannan batu na ƙarshe da Dan_Tawa ya kawo shi ne hujja mafi ƙarfi da aka kawo zuwa yanzu.

Salisu_Mai_Shago:
Ni har yau ban gane dalilin da ya sa ake kiran abin nan tirela ba, kamar motar ɗaukar kaya. Me ya sa ba za mu ce tallan fim ba?

Dan_Jos_NFI:
Malam Salisu, asalin kalmar ɗaya ne da na motar, wato abin da yake bin baya. A farkon zamanin silima a Amurka bayan an gama fim ake nuna su, sai aka lura mutane tashi suke yi su tafi, aka dawo da su gaba, sunan kuma ya zauna. Tallan fim ma daidai ne, sai dai ya haɗa da fosta da sanarwar rediyo.

Amma abin da ya kawo ni daban ne. Ina so in ja kunne a kan shawarar Anti Hauwa, duk da na yarda da ita. A makarantar fim ta Jos an koya mana gwajin wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, wanda ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda ɗaya ya jera shi da kwanon miya, ya sake jera shi da gawa a akwati, ya sake jera shi da wata mata. Masu kallo suka ga yunwa a na farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku, alhali fuskar ba ta sauya ba. Edita yana da wannan ƙarfin, kuma a tirela ne aka fi cin amanarsa. Sadiq zai iya ɗauko fuskar tsohon lokacin da yake faɗa da mai kawo ɗinki ya liƙa ta bayan hoton yarinyar, kowa ya ɗauka ita yake yi wa tsawa. Za a danna, amma wanda ya zo neman rikici ya tarar da fim mai sanyi zai ji an yaudare shi, kuma shi ne zai rubuta a ƙasa cewa fim ɗin ba komai a ciki. A bar mai kallo ya yi zatonsa da kansa, kar a ƙera masa ƙarya.

Hauwa_Alƙalami:
Na karɓi gyara, Dan_Jos. Ba ina nufin a haɗa abin da bai faru ba. Fargabar yarinyar gaskiya ce a cikin labarin, ita kaɗai ta isa.

Auwal_Darakta:
Assalamu alaikum. Ni ne daraktan da ake magana, Sadiq ne ya turo min in zo in karanta. Na gode wa kowa, kuma na yarda tsawon ya yi yawa, wannan ba na jayayya. Amma ina so ku ji nawa dalilin kafin ku yanke.

Dattijon da ya fito a fim ɗin nan ba ɗan wasa ba ne, tela ne na gaske, shekarunsa sun haura sittin, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Kwana uku muna fama da shi, in an ce a fara sai ya ƙage, magana ta riƙa fita kamar karatu. Fitowar ƙarshen nan sau ɗaya muka ɗauke ta. Ya shafa rigar, muryarsa ta karye, kowa a wurin ya yi tsit, mai riƙe da fitila har hawaye ya yi. Ban san me ya tuna ba kuma ban tambaye shi ba. Mu faɗa wa juna gaskiya: mutum nawa ne suke kallon gajeren fim? Waɗanda za su ga tirelar sun ninka waɗanda za su zauna su kalli minti 13 nesa ba kusa ba. In na ɓoye wannan sakan ashirin ɗin, yawancin mutane ba za su taɓa ganin abin da bawan Allahn nan ya yi ba. A sauran fim ɗin wasansa matsakaici ne, ni na sani. In tirela ta ƙunshi matsakaicin kawai, wa zai yarda akwai abin zuwa gani?

Mai_Kallo_Kawai:
Abin da nake ƙoƙarin faɗa ke nan ban iya ba. Allah ya saka, Darakta.

Tsohon_Hannu:
Malam Auwal, maganarka ta shige ni, kuma na san irin wannan ɗaukar, a shekaru da yawa sau kaɗan mutum yake samunta. Amma ka tambayi kanka me ya sa mai fitila ya yi hawaye. Ya yi ne don kwana uku yana tare da ku, ya san labarin, ya ga taurin kan tsohon tun daga farko. Wanda yake shafa waya a cikin A Daidaita Sahu bai san kowa ba. Zai ga wani dattijo yana magana murya na rawa, ya ce Allah sarki, ya wuce. Nauyin fitowar nan minti 12 da suka gabace ta ne suka ɗora mata. In ka ciro ta ita kaɗai ka rage mata daraja, sannan ka rage wa wanda zai zo kallo daga baya.

Ga abin da zan yi da ni ne. Zan saka farkonta kawai: yatsansa yana bin kalmasar a hankali, ya ɗago kai, ya buɗe baki zai yi magana, sai allo ya yi baƙi, sunan fim ya fito. An ga idonsa, an ga cewa akwai wasa a wurin, ba a ji abin da ya ce ba.

Hauwa_Alƙalami:
Baba, a gafarce ni, ko wannan ina jin tsoronsa. Duk macen da ta taɓa riƙe allura, in ta ga tela yana shafa kalmasa ya ɗago kai, ta gama gane cewa ya gane. Ni da a tsaya a kan ƙarar butar da ƙafarta da ta tsaya a kan keke.

Auwal_Darakta:
Ni kuma a wajena in an cire maganar an cire komai, domin a muryar abin yake, ba a fuskar ba.

Bashir_Sauti:
To a ɗauki muryar ba tare da kalmomin da suka tona ba mana. Kafin ya faɗi maganar kalmasa ai dole ya kira sunanta ko ya ja numfashi. Kiran sunan kaɗai, da wannan karyayyar muryar, a kan baƙin allo. Ba a ga rigar ba balle Anti Hauwa ta damu, an kuma ji abin da Darakta yake so a ji.

Auwal_Darakta:
Ya kira sunanta sau biyu kafin ya fara. Na biyun ne muryar ta karye. Bari in yi tunani.

Ummi_Kyamara:
Kafin ku gama tunani, akwai aikin da ba a ambata ba kuma yana cin lokaci. A kwance kuka ɗauki fim ɗin, 16:9, amma TikTok da status da Reels a tsaye suke, 9:16. Kar ka bari manhaja ta yanke maka tsakiya da kanta, za ka ga an raba fuskar mutum biyu ko hannun da ke kan keke ya fita daga allo. Hoto ɗaya bayan ɗaya za ka bi ka matsar da shi, shi ya sa hotunan kusa suka fi dacewa da ta tsaye, faɗin zaure kuwa ka bar wa ta YouTube. Kuma ka yi wata ta sakan 30 daban, don shekaru da yawa iyakar status ɗin WhatsApp ke nan kafin a ƙara, mutane sun saba da wannan tsawon. Ku da kuka yi ɗaukar dare ku kula sosai: in an matse bidiyo wajen turawa, wurare masu duhu ne suke fara lalacewa su zama dabbare-dabbare. Ka ɗan ɗaga hasken fitowar dare a tirelar fiye da yadda yake a fim, ka tura wa kanka a waya ka gani da rana a waje kafin ka saki.

Kabiru_KD:
Ƙari a kan na Ummi, a rubuta maganganun a ƙasan allo ko da Hausa ce ake yi, saboda da yawa a kashe sauti suke kallo, a wurin aiki ko cikin mutane.

Bashir_Sauti:
Gaskiya ne, duk da yana min ciwo. Shi ya sa sakan biyun baƙin allo da na ce a fara da shi, a ta tsaye a cire shi, a fara da hoton allura tana sauka kai tsaye. Wanda sautinsa yake a kashe zai ɗauka bidiyon bai buɗe ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a muhawara ta yi albarka. Tunatarwa ɗaya ga masu aiki a Kano, Hukumar Tace Fina-finai ta jiha tana nan tun 2001, ku bi ta kanta yadda ya kamata, kuma kar a saka wa tirela hoton da aka cire daga fim ɗin. Haka nan yarinyar da ta fito, a nuna mata da iyayenta tirelar da hoton da za a ɗora a fuskar bidiyon kafin a saki, domin shi ne zai fi yawo. Sadiq, muna jiran abin da kuka yanke.

Sadiq_Edita:
Na dawo. Jiya da asuba na je na sake ɗaukar ƙarar keken kamar yadda Oga Bashir ya ce, bambancin ba kaɗan ba ne. Sabuwar ta tsaya a sakan 52. Ta fara da tsohon yana ƙoƙarin zura zare sau uku yana kuskurewa, muryar wata mai ɗinki tana tambayar ko kayan 'ya'yanta za su samu kafin Sallah, shi yana cewa in sha Allahu. Sai dare, yarinyar da fitilar waya a kan keke, yanka yana ƙara sauri da bugun keken, rigunan da aka gama suna ƙaruwa a kan igiya. Buta ta yi ƙara, ƙafarta ta tsaya, shiru. Allo ya yi baƙi, ya kira sunanta, na biyun nan. Sunan fim. Ban saka rigar ba, ban saka kiɗa ba ko kaɗan. Na nuna wa ƙannena biyu da ba su san labarin ba, ɗaya ta ce dukanta zai yi, ɗayan ya ce a'a kuka zai yi. Auwal ya kalla sau huɗu bai ce komai ba tukuna.

Dan_Jos_NFI:
Amsoshin ƙannenka biyu sun nuna tana aiki. Abu ɗaya, a fim ɗin kiran sunan ba a daren butar ya faru ba, ranar jajibere ne. Ka haɗa lokaci biyu ke nan. Ni ban ɗauke shi ƙarya ba tunda ba ka nuna fuska ba, amma yana bakin iyaka.

Mai_Kallo_Kawai:
Ba kiɗa ko kaɗan? Ni dai ina ganin ko ɗan gurmin da Kabiru ya ce a saka a ƙarshe, lokacin da suna ya fito. Tirela shiru kamar ba a gama ta ba.

Auwal_Darakta:
Na yarda a saki wannan a yanzu. Amma ban janye ba gaba ɗaya. In fim ɗin ya gama zagayen bukukuwa muka zo sakinsa a YouTube, ina so a yanka ta biyu da fitowar a cike, a lokacin ba abin da za a ɓoye wa masu zaɓe, kuma dattijon nan ya cancanci a gan shi.

Hauwa_Alƙalami:
A lokacin ne ma ya fi kamata a ɓoye, Malam Auwal, don a lokacin ne talakan mai kallo zai fara ganinsa. In lokacin ya zo a sake buɗe maganar, ina nan.

Ummi_Kyamara:
Sadiq, na ga wadda ka turo min. Sunan fim ɗin yana da ƙ, kuma salon rubutun da ka zaɓa ba shi da ita, manhajar ta aro ta daga wani salo, ta fito siririya a tsakiyar masu kauri. Ka duba ɗ ɗin da ke cikin rubutun ƙasa ma, a sakan na 9. Ka sauya salon gaba ɗaya zuwa wanda yake da haruffanmu kafin ka fitar da ta tsayen.